Fayil Mai Suna Biyu

Da hantsin ranar Asabar Alhaji Dalhatu, shugaban Ƙungiyar Garken Albarka, ya faɗo ofishin Insfekta Zakariya a Gusau yana huci, riƙe da hannun rigar wani dattijo. Alhaji irin mutanen nan ne da ke zuwa wurin 'yan sanda da ƙara da shaida da hukunci duk a aljihu ɗaya, hukuma dai ta sa hannu kawai.

"Ga ɓarawon nan na kawo maku," in ji shi. "Sahabi, maigadinmu na Kekun Waje."

"Me ya sata, Alhaji?"

"Baturan sola, gaba ɗaya! Su ka riƙe da firjin da muke aje allurar rigakahin shanu. Jiya Juma'a anka kwashe su. Kahin a farga firji ya huce, allura ta lalace, ga makiyaya can sun taro dabbobi suna jiranmu."

Ya ajiye wayarsa a kan tebur ya kunna bidiyo. Ma'ajin sitonsu, Tajuddeen, shi ya ciro shi daga kwamfutar kyamarar tsaro ya turo masa. A cikin bidiyon ga ƙofar harabar sito, ga itacen bagaruwa da wata jar akuya ɗaure a gindinsa, ga kuma Malam Sahabi ƙuru-ƙuru yana turo baro cike da batura. Ya fita da su, ya dawo ya ƙara lodi.

Insfekta ya dubi dattijon. Tsohon bai ko ɗaga kai ba, leɓɓansa kawai ke motsi.

"Ran Litinin ina son a kai shi kotu," in ji Alhaji.

"In shi ne, zai je," in ji Insfekta.

Bayan Alhaji ya fita, Insfekta ya sa aka kawo wa tsohon ruwa, ya bari sai da ya sha.

"Baba, kai ne a bidiyon nan?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

"To ka amsa ke nan."

"Ban amsa ba. Ni nik kwashe su, amma ba jiya ba. Tun watan da yaw wuce na, Tajuddeen yac ce in kai su ga mai gyara a ƙara musu ruwa. Nik kai, nim maido su da hannuna."

"Jiya kana ina da azahar?"

"Ina bakin ƙohwa. Ban tahi ko'ina ba."

"Ranar Juma'a? Mutum mai tabon salla a goshi kamar naka? Baba, ni Kirista ne, amma a Sabon Gari aka haife ni. Na san abin da dattijo ke yi in ladan ya kira ranar Juma'a."

Tsohon ya share fuska da tafin hannu.

"Na tahi masallaci. Alhaji ya hana, amma kowace Juma'a ni kan kulle ƙohwa in tahi. Kowa ya sani garin."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Alhaji, da Tajuddeen." Ya ɗago ya dubi Insfekta. "Yallaɓai, ban taɓa ɗaukar ko zangarniyar geron wani ba. In kunka kai ni kotu da sunan sata, ko an sako ni ba ni iya sake shiga sahun gaba a Kekun Waje."

Insfekta Zakariya ya ji maganar har cikin ransa, amma tausayi ba shaida ba ne. Tsohon ya yi masa ƙarya ɗaya a zama ɗaya, kuma ga bidiyo. Ya sa aka mai da shi bayan kanta, ya ɗauki hularsa ya kira Kofur Ibrahim, direbansa.

Suka kama hanyar Bungudu. Damina ta zauna, gero ya kai ƙirjin mutum a gefen titi. Da suka isa Kekun Waje, Tajuddeen ne ya tarbe su a ƙofar sito, matashi fes-fes da shi, ga fara'a ga ladabi har da ɗan rusunawa. Ladabin ya ɗan yi wa Insfekta yawa.

"Kana ina jiya da azahar?"

"Tsafe, yallaɓai. Sunan ɗan abokina na tahi."

"Da me ka je?"

"Motar haya."

"Malam Sahabi ya ce kai ka sa shi kai batura gyara watan jiya."

Tajuddeen ya yi murmushin tausayi. "Tsufa ne, yallaɓai. Ba a taɓa hidda baturan nan ba tun da anka sa su."

Ya kai su ɗan ofishinsa ya nuna musu wata tsohuwar kwamfuta. Ita da kyamarar suna da ɗan solarsu daban, shi ya sa satar ba ta kashe su ba. Kyamarar mai araha ce, ba ta buga kwanan wata a jikin hoto. Kowace rana dai da fayil ɗinta, sunan fayil ɗin kuwa shi ne kwanan watan. Tajuddeen ya buɗe na ranar Juma'a, sai ga Sahabi da baronsa, daidai da abin da ke wayar Alhaji.

Insfekta ya fito harabar yana juya abin a ransa. A gindin bagaruwa jar akuyar nan na kwance tana tuƙa, 'ya'yanta biyu na tsalle a kanta. Ya wuce ta da taku kaɗan, sai ya tsaya cak.

Mahaifiyarsa ta yi kiwon awaki a bayan gidansu na Sabon Gari, kuma shi ne ya sha wahalar yankan ciyawa. Ya durƙusa ya cafko ɗan akuya ɗaya ya kifa shi. Cibiyar ta bushe har ta faɗi, wurin ya warke sumul.

Ya ciro wayarsa ya sake kallon bidiyon da Alhaji ya tura masa. A ciki akuyar na tsaye da ciki rim, kamar ta haɗiye tulu, babu ɗa ko ɗaya kusa da ita.

"Kofur, akuyar da ke da ciki jiya da azahar, yau 'ya'yanta na iya zubar da cibiya?"

"Sai dai in ta aljanu ce, yallaɓai."

"Ɗauko mini kwamfutar nan. Tajuddeen, wa ya haɗa muku ita?"

Murmushin Tajuddeen ya ɗan yi rawa kafin ya dawo. "Ƙanwata ce, Sa'adiya. Tana da shago Sabon Gari."

A hanyar komawa Insfekta ya yi ta lissafi a ransa. Ya san bidiyon tsoho ne, amma ya san abin da lauya zai yi da shaidar akuya a gaban alƙali: kotu za ta yi dariya, tsohon kuma ya ci gaba da zama a tsare. Ya ƙudura a ransa cewa ba zai bar Litinin ta riske shi da akuya kaɗai a hannu ba.

Shagon Sa'adiya ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da kayan wuta. Mace ce mai natsuwa, da tabarau a fuska, hannunta riƙe da sukuddireba. Da ta ga kwamfutar a hannun Kofur ta gane ta nan take.

"Malama Sa'adiya, ni ban san kan wannan abin ba," in ji Insfekta, ya ja benci ya zauna. "Nuna mini fayilolin bidiyon nan, amma da cikakken bayaninsu, yadda ku kuke gani."

Ta buɗe wani baƙin allo mai fararen haruffa ta rubuta ls -l. Layuka suka jero, kowace rana da nata. Insfekta bai fahimci rabin abin da ke wurin ba, amma aikinsa ya koya masa neman abin da ya fita daban da 'yan'uwansa. Ya bi da yatsa har ƙasa. Layin ranar Juma'a kaɗai ke da wata 'yar kibiya a gaban sunansa, kibiyar kuma na nuna kwanan wata na watan jiya.

Ya waiwaya don ya tambaya, sai ya ga ita ma kibiyar take kallo, fuskarta ta canza.

"Mene ne wannan?"

"Manuni ne," ta ce a hankali. "Da umarnin ln -s ake yin shi. Ba bidiyo ba ne shi kansa. Kamar allon bakin titi ne da ke nuna hanyar wani gari. In ka buɗe shi sai ya kai ka ga fayil ɗin da yake nunawa."

"Wato wani ya cire bidiyon Juma'a, ya kafa allo da sunan Juma'a, yana nuna watan jiya."

"Haka ne."

"Me ya sa bai kwafo tsohon ya canza masa suna ba?"

"Ma'ajiyar kwamfutar ta kusa cika. Ba ta ɗaukar kwafi."

"Ina na gaskiyar?"

"An goge shi. Abin da aka goge a nan ba ya dawowa."

"Wa ya san kalmar sirrin shiga wannan baƙin allon?"

"Ni kaɗai."

"To ke kika yi ke nan."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta sunkuyar da kai tana murza sukuddireba. Insfekta ya ga masu laifi da yawa, ya kuma ga masu rufa wa wani asiri, kuma ba iri ɗaya suke shiru ba. Wannan shirun na mai kare wani ne.

Ya koma kan allon. Kusa da farkon kowane layi akwai wata lamba ita kaɗai. A layin kowace rana lambar biyu ce. A layin kibiya ne kawai take ɗaya.

"Wannan biyun fa?"

"Lambar na'ura ce kawai. Ba ta da wata ma'ana."

"To. Yi mini sabon fayil, ki rubuta sunana a ciki."

Ta dube shi da mamaki, amma ta yi. Ta sa wa fayil ɗin suna gwaji, ta sake jero layukan. Lambar gwaji ɗaya ce.

"Ikon Allah," in ji Insfekta. "Nawa ɗaya, nasu biyu. Ashe na'urar ma ta san manya. Malama, mai da mini nawa biyu."

Sa'adiya ta daɗe hannunta a saman madannai. Mai sana'a na iya yi wa mutum ƙarya da baki, amma da wuya hannunsa ya yarda ya taya shi. Ta rubuta ln gwaji na-biyu. Layi ya zama biyu, kowanne da lamba biyu.

"Kwafi kika yi?"

"A'a. Suna na biyu na ba shi. In babu -s ɗin nan, ba manuni ake yi ba. Ɗaki ɗaya ne aka buɗe wa ƙofa ta biyu. Ba ya cin wuri ko kaɗan."

"Goge na farkon."

Ta goge.

"Buɗe na biyun."

Ta buɗe. Ga sunan Zakariya nan daram, ko wasali bai ɓace ba.

Insfekta ya gyara zama ya sassauta murya. "Kowane bidiyo a nan yana da suna biyu. Wanda ya goge na Juma'a ƙofa ɗaya ya toshe. Ina ɗaya ƙofar?"

Hawaye suka taru a bayan tabaranta.

"Malama Sa'adiya, akwai dattijo a bayan kantata, sa'an mahaifinki. Jibi za a karanta masa tuhumar sata a gaban jama'a saboda wannan kibiyar. Zan iya aika kwamfutar nan ga masananmu, kuma za su gano. Amma kafin su gama ya riga ya tsaya gaban alƙali, kuma wannan tsayuwar ba ta gogewa. Ba zan tashi daga bencin nan ba sai na ga ranar Juma'a."

"Yallaɓai, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu," ta ce. "Shi ya kai ni makarantar da na koyi wannan aikin."

"Wa?"

"Yaya Tajuddeen. Shi kaɗai na ba kalmar sirri. Ni na koya masa ln -s da hannuna, don ya riƙa juya wani manuni zuwa bidiyon kowace rana, Alhaji ya samu na kallo ba tare da nema ba. Ɗayan umarnin ban koya masa ba, don ba ya buƙata. Na saita kwamfutar ne ta riƙa yi da kanta kowace safiya, tana ajiye suna na biyu a wata ɓoyayyar folda, saboda kada wani ya goge abu bisa kuskure." Ta share ido da gefen hijabi. "Kuskure na yi wa tanadi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba."

"Ba ki kalla ba tukuna?"

"Yanzu na ga kibiyar, tare da kai. Wataƙila ma ba shi ba ne."

"Wataƙila. Buɗe mu gani tare."

Ta rubuta hanyar foldar a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai taka ƙaya. Ga sunan Juma'a can, babu kibiya, lambarsa ta koma ɗaya. Ta kunna, ta tura shi gaba zuwa azahar.

Ga bagaruwa, ga jar akuya da 'ya'yanta biyu. Ga Malam Sahabi cikin farar riga ya kulle ƙofa ya tafi da buzunsa a kafaɗa. Jim kaɗan ƙofar ta sake buɗewa, wata a-kori-kura ta shigo da baya. Wanda ya sauko daga cikinta bai ko damu da rufe fuska ba. Ya ma ɗaga kai ya dubi kyamarar, irin kallon mutumin da ya san zai dawo ya gyara.

Sa'adiya ta kife kanta a kan tebur. Insfekta ya ji nauyin abin da ya sa ta yi, bai kuma yi ƙoƙarin lallashinta da maganar banza ba. Ya ce mata kawai, "Kin fitar da mutum daga wuta yau." Sannan ya sa Kofur ya rubuta lambar motar.

Lambar ta kai su Tsafe washegari da safe. Mai a-kori-kurar na tasha yana shan shayi, kuma ganin kakin Kofur ya sa ya tuna komai tun kafin a gama tambaya. Tajuddeen ne ya are ta ranar Juma'a, ya ce kayan ƙungiya zai kai gyara. Ya nuna musu wani sabon shago a bakin titin Funtuwa, fentinsa ko bushewa bai gama ba, an rubuta cajin waya da sayar da ƙanƙara a goshinsa.

Tajuddeen na ciki a durƙushe yana ɗaura wayoyi. Baturan na jere a bayansa, an kankare tambarin ƙungiya daga jikinsu, amma garaje ya sa an bar rabin kan saniyar tambarin a jikin ɗaya.

"Sannu da aiki, Malam Tajuddeen. Har yanzu sunan ake yi?"

Ya miƙe zumbur. "Yallaɓai, waɗannan saye nay yi. Kano anka kawo min su."

Insfekta bai yi musu ba. Ya kunna bidiyon Juma'a na gaskiya da ya kwafo a wayarsa, ya miƙa masa. Tajuddeen ya kalli kansa yana saukowa daga mota, ya kalli kansa yana kallon kyamara. Gumi ya karyo masa.

"Na goge wannan," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Da hannuna na goge shi."

"Suna ɗaya ka goge."

Ya zauna daɓas a kan batir. Ladabin nan duk ya zube, sai gajiya ta rage.

"Ni ne. Na gaji da zama ɗan aiken Alhaji, kullum buɗe sito, kulle sito, zagi a gaban mutane. Na ce in samu abin kaina." Ya ɗago. "Sa'adiya ce ta nuna maku?"

"Aikinta ne ya nuna. Ita har kanta ta so ta ba ni a madadinka."

Tajuddeen ya rufe fuska da hannu biyu. Kofur Ibrahim ya jira ya sauke su, sannan ya sa masa ankwa.

Da suka iso ofis a Gusau, Insfekta bai ko zauna ba ya sa aka buɗe wa Malam Sahabi. Alhaji Dalhatu, wanda aka kira ta waya, yana tsaye a gefe, yau babu huci, sai gyaran hula da ba ta karkace ba. Insfekta ya faɗa da ƙarfi yadda kowa a ofishin zai ji, cewa Malam Sahabi ba shi da laifin komai, kuma shi da kansa zai mai da shi Kekun Waje ya maimaita haka a gaban mai gari.

Tsohon ya yi hamdala. Sai idonsa ya faɗa kan Tajuddeen da ankwa a hannu, ya tako a hankali har gabansa.

"Baba, ka yahe min," in ji Tajuddeen, kansa a ƙasa.

"Tsaya, ɗana, abu guda nika son sani. Ran da kas sa ni in kai batura gyara, mai gyara yac ce min lahiyarsu lau, ba su son ruwa. Nic ce mashi yaron nan mai kula na, gara a duba." Ya tsura masa ido. "Tun ran nan kash shirya min wagga?"

Tajuddeen ya ƙara sunkuyar da kai.

"Tun ran nan, Baba."

Malam Sahabi ya gyaɗa kai. Hawayen da ya riƙe tun ranar Asabar suka gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Ka san da nid dawo ran nan, bayana kamar shi karye, har albarka nis sa maka."

Kofur Ibrahim ya taɓa kafaɗar Tajuddeen, ya juya shi, suka bi ta gaban tsohon zuwa bayan kanta.